Saitin Sau-Ɗaya

Akwai mutumin da in ya faɗa rijiya, kafin a jefa masa igiya zai ɗago kai ya ce dama zurfinta ya shiga aunawa. Irin wannan ne Sau-Ɗaya, ɗaya daga cikin masu gadin wani gandun daji. Sunan daga bakinsa ya samo shi, don kullum cewa yake tun da aka haife shi bai taɓa harbin abu sau biyu ba. Wannan kuwa gaskiya ce tsantsa, domin ko sau ɗayan ba wanda ya taɓa gani. Shekara da shekaru kayan aikinsa sanda ce da tocila da usur. Amma in ya samu bencin ƙofar ofis ya miƙe ƙafa, sai ka ji ya kashe ɓauna da harsashi guda, harsashin ya fita ta wutsiya ya kayar da zomo, ya wuce ya tsinko masa mangwaro don ya wanke baki.

Ana nan sai ɓarayin itace suka fara shiga dajin da makamai, sanda da usur suka zama abin dariya. Hedikwata ta aiko da dogon akwati. Da aka buɗe, sai ga bindigogi huɗu kwance cikin maiƙo, irin waɗanda in ka ja kunama su tofar da harsashi ɗaya su ɗora wani da kansu, ba sai an roƙe su ba. Ba su da madubin hange. Saitinsu ƙarfe ne zalla: ɗan tsinke a tsaye can kusa da baki, da 'yar tsaga a baya kusa da ido. Ka leƙa ta tsagar, ka ɗora tsinken a kan abin da kake so, ka ja.

Shugaban gandun, wani mai tumbi wanda ba sa shiri da rana, ya tara ma'aikata a inuwa.

"Ranar Alhamis Babban Darakta zai zo da kansa," in ji shi. "Mutum huɗu za su yi harbi a gabansa. Wanda ya fi, shi ne shugaban 'yan bindiga, kuma shi zai riƙe wancan."

Ya nuna wani jan babur da ke jingine a baranda, ko ledar kujerarsa ba a ɓare ba. Sau-Ɗaya ya haɗiyi yawu har sai da na kusa da shi ya waiga.

"Sai dai akwai matsala," Shugaba ya ci gaba. "Sabuwar bindiga sai an yi mata saiti, an daidaita tsinken nan da inda harsashi ke faɗawa. Wanda ya kamata ya zo ya yi, an ce sai wani mako."

"Ranka ya daɗe, ana neman ruwa a kogi?" Sau-Ɗaya ya miƙe ya bugi ƙirji. "Ga ni tsaye ana jiran wani? Ni fa a da, in bindiga ta ƙi jin magana, wurina ake kawo ta."

Dogo, ƙanin matarsa, wanda shi ma yana cikin huɗun da za su yi harbi, ya ce, "Yaya, a ina ke nan? Mun dai san ana kawo maka tocila."

"Lokacin kana tallan majina a hanci. Yi shiru manya na magana."

Shugaba, da yake ba abin da yake so kamar yabon hedikwata, nan take ya ɗauki waya ya gaya musu kada su wahalar da kowa, yana da gwani a gida.

Da yamma Sau-Ɗaya ya shigo gidajen ma'aikata da guduma a kafaɗa. Matarsa, Maman Biyu, tana tsugune tana wanke kwanuka, sai ta ji bam a jikin ƙofa.

"Baban Biyu, lafiya? Ƙofar ta zage ka ne?"

"Faɗaɗa ta zan yi. Babur ba ya kwana a waje."

"Wane babur?"

"Nawa."

"Yana ina?"

"Yana barandar ofis yana jiran Alhamis."

Ta ajiye soso ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ma iya hawa?"

"Wanda ya hau jaki me zai gagare shi?"

"Ai jakin kayar da kai ya yi ranar da ka je gaida su Inna. Ni na gasa maka ƙugu."

"Sauka na yi da sauri. Ke ba ki san bambanci ba."

Ya sake ɗaga guduma. A bugu na uku ƙofar ta sallama gaba ɗaya, ta fito da ƙyaurenta da wani yanki na bango, ta kwanta kan kwanukan da aka wanke. Matan maƙwabta suka fito suna tafa hannu.

"Maman Biyu, barka! Wannan faɗi ai mota ma ta shiga."

"In babur ya zo a riƙa tunawa da mu ranar kasuwa."

Maman Biyu ta rataya tabarma a inda ƙofa take.

Washegari da safe aka ɗunguma filin harbi, bayan ofis. Fili ne shimfiɗaɗɗe, a ƙarshensa akwai tudun ƙasa mai tare harsashi. A gaban tudun aka kafa allo da baƙin da'ira a tsakiya. Can hagu da allon akwai gangar ruwan da ake ba wa dashen itatuwa. Gaba da gangar, hagu dai, akwai wata tsohuwar bishiya da Shugaba ya rataya amyarsa ta zuma, wadda yake ji da ita fiye da wasu 'ya'yansa.

Mai Sito, wani dattijo da ke ba da harsashi kamar yana cire haƙorinsa, ya ajiye bindigogin a kan tabarma. Ya miƙa wa Sau-Ɗaya ɗan makullin da ake tura tsinke da shi, da wani ƙaramin littafi da ya zo cikin akwatin.

"Ga bayaninsu. Ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu, kai ka duba."

"Baba, ka taɓa jin takarda ta kashe zaki?" Sau-Ɗaya ya karɓi littafin ya yi fifita da shi sau biyu, ya cusa a aljihun baya.

Dogo ya kawo buhun yashi. "Yaya, an ce kwanciya ake yi, a ɗora ta a kan wannan."

"Kwanciya ta marasa lafiya ce. Namiji a tsaye yake harbi."

Ya ɗauki bindiga, ya ware ƙafafu, ya riƙe ta nesa da kafaɗa kamar mai riƙon jaririn da ya yi fitsari. Ya ja. Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse, gindin bindigar ya dawo ya gaishe shi a kafaɗa. Da hayaƙi ya washe sai aka gan shi zaune a ƙasa, hula a gefe.

"Sannu, Yaya."

"Sannun me? Zama na yi in ga inda ya faɗa da kyau." Ya shafa kafaɗa a ɓoye. "Kawo buhun nan. Zan kwanta don ku koya, tunda ku a kwance za ku yi."

Da ya kwanta, abin mamaki, hannunsa bai yi rawa ba. Tsoro ya sa ya ƙanƙame bindigar kamar mai bin bashi ya kama rigar wanda ya daɗe yana nema. Harsashi ya faɗa allon, taƙi ɗaya hagu da baƙin da'ira. Ya gwada ta biyu, haka. Ta uku da ta huɗu, duk taƙi ɗaya hagu.

"Halin gidansu ne," in ji shi. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Duk hagu suke ci."

Ya zaɓi wadda katakonta ya fi sheƙi, ya ɗaura mata ɗan jan ƙyalle. Wannan ita ce tasa, da ita zai fara. Ya juya ga 'yan kallo, don zuwa lokacin mata da yara sun cika bayan waya, ya ɗaga makullin sama.

"Ku buɗe kunne, ilimi kyauta. Harsashi ya tafi hagu. Ina muke so ya koma?"

"Dama!" in ji yara.

"To sai a tura tsinke dama. Ko akuya ta san wannan."

Abin da akuya ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, shi ne tsinken gaba ɗan adawa ne. In ka tura shi dama, sai ka karkata bakin bindiga hagu kafin ka sake ganinsa a tsakiyar tsaga. Harsashi kuwa bakin bindiga yake bi, ba ra'ayin mai ita ba. Wanda yake son harsashi ya koma dama, hagu yake tura tsinke. Duk wannan yana rubuce, har da zane, a cikin littafin da Sau-Ɗaya yake kwance a kai.

Ya murɗa makulli, tsinke ya matsa dama. Ya kwanta, ya auna, ya ja. Harsashi ya ɓantare gefen allon na hagu ya wuce.

"Iska," in ji shi.

Kowa ya ɗaga kai. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Wace iska, Yaya?"

"Ta sama. Ku ta ƙasa kawai kuka sani."

Ya ƙara murɗawa, dama dai. Ya ja. Wannan karon allon bai ma ji labari ba. Sai aka ji ƙwal, gangar ruwa ta fara fitsari ta gaba da ta baya.

Mai Sito ya dafe kai. "Gangata! Jiya na sa aka cika ta!"

"Ƙarfin harsashin na gwada, Baba. In bai huda ganga ba, ina zai huda ɓarawo? Ka gode wa Allah kayanka masu kyau ne."

"Yaya," in ji Dogo, "ni fa gani nake kamar kullum ƙara gudu take yi. Ko a mayar da tsinken baya?"

"A mayar da shi hagu? Harsashi yana hagu, a ƙara masa hagu? Kai wa ya raine ka? Taurin kai ne da ita, irin na sabon takalmi. Dukan ne bai ishe ta ba."

Ya kama makullin da hannu biyu ya murɗa har sai da tsinken ya koma gefe kamar ɗan kwalin mai fushi. Ya kwanta. Ya ce wa yara su lura da tsakiyar baƙin nan. Yara suka lura. Ya ja.

Baƙin bai motsa ba. Amyar Shugaba ce ta yi tsalle, ta juya sau biyu a igiyarta, ta faɗo ta dare gida biyu.

Sai wani baƙin gajimare na ƙudan zuma ya taso daga gindin bishiyar yana gurnani.

Mai Sito, wanda kullum yake kukan gwiwa, shi ya fara isa ofis. Dogo ya tsallake waya ba tare da ya taɓa ta ba. Mata suka suri yara, wasu ma ba nasu ba. Sau-Ɗaya ya tsaya zai yi bayani, sai ta farko ta sauka a fatar idonsa. Ya zabura a guje, ya rasa inda zai nufa, ya faɗa cikin taɓon da gangar ta yi, ya yi ta birgima yana kiran sunayen kakanninsa. Zuma suka bi shi da nasu saitin, wanda ba ya kuskure.

Da rana aka kai shi gaban Shugaba, fuska kamar an hura balan-balan, idon hagu ya rufe ruf.

"Amyata!" Shugaba yana huci. "Shekara guda ina jiran ta!"

"Ranka ya daɗe, ta nuna. Na ga zumar da idona kafin ya rufe. Da an ƙara mako da ta lalace."

Shugaba ya so ya kore shi daga aikin saitin, amma ya tuna da bakinsa ya gaya wa hedikwata yana da gwani. Wanda ya yi rantsuwa a kasuwa ba ya warware ta a ɗaki. Sai ya juya ga Mai Sito.

"Kada ka ƙara ba shi ko harsashi ɗaya sai ranar. Ya ƙarasa saitin a cikin sito, da ido."

"Da wane idon?" in ji Mai Sito.

Ranar Laraba da hantsi, Sau-Ɗaya ya zauna shi kaɗai a sito, bindigogi huɗu a gabansa, Mai Sito yana waje yana liƙe ganga. Ya ɗauki mai jan ƙyalle ya yi mata magana a hankali, kamar mai lallashin amarya.

"Na san saura kaɗan ki juyo."

Ya ƙara mata ɗan murɗi, dama. Daga nan ya dubi sauran ukun, sai wani tunani ya sauko masa mai daɗi kamar ruwan sanyi. Wa ya ce dole ya gyara wa abokan takara? Dogo ɗan bakin nan ya hau jan babur, shi yana tafiya a ƙasa? Tunda bindigoginsu hagu suke so, bari ya ƙara musu. Ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya tura tsinken kowacce hagu, ɗan kaɗan yadda ido ba zai gane ba. Ya yi dariya har kumburin ya yi masa zafi.

Haka Sau-Ɗaya, da mugun nufi da zuciya ɗaya, ya yi wa bindigogi uku saitin da ko a masana'antarsu sai an yi da gaske.

A gida Maman Biyu tana shafa masa man zafi a fuska, tana magana ƙasa-ƙasa don tabarma ba ta tare sauti.

"Baban Biyu, ka ji shawara. Gobe ka ce ido ya hana ka. Ba wanda zai zarge ka. Allah ne ya kawo maka mafita a bakin zuma."

"Idon hagu dama rufe shi ake yi in za a yi harbi. Aiki suka rage min."

"Ka fasa ganga, ka fasa amya, ka fasa ƙofa. Gobe me ya rage?"

"Tarihi."

"Ni dai kada ka fasa min ƙanina."

"Ƙaninki gobe ko tudun ba zai samu ba. Ki rubuta ki ajiye."

Ta tsaya da shafawar. "Me ka yi?"

"Shafa nan, wajen kunne."

Alhamis ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗauko lasifika mai tari. Shugaba ya sa an buga wani ƙaton ƙyalle mai hoton Babban Darakta yana murmushi, da rubutun barka da zuwa. Ya rasa inda zai rataya shi ya fito a hoto, sai ya sa aka ɗaure shi a jikin tudun, can hagu da allon, gaba da ganga da bishiya, inda a ganinsa ba abin da zai same shi.

Darakta ya iso da motoci da 'yan rakiya biyu masu kaki. Mutum ne mai son jawabi, kuma Allah ya hore masa hanci, wanda mai hoton bai rage masa komai ba. Aka yi gaisuwa, aka yi tafi, aka ce a fara. Harsashi uku-uku.

Dogo ya kwanta. Sau-Ɗaya ya matsa kusa da Mai Sito ya ce, "Baba, ka matsar da gangarka."

Tau. Tau. Tau.

Mai duba allo ya ruga ya dawo yana ihu. "Duka uku a cikin baƙi!"

Fili ya ɗauki tafi. Dogo ya tashi yana kaɗe riga, ya zo ya kama hannun mijin yayarsa da hannu biyu. "Yaya, na yi maka rashin kunya a banza. Wallahi kamar da hannu nake ajiye su. Allah ya saka."

"Sa'a ce," in ji Sau-Ɗaya.

Na biyu ya kwanta, uku a baƙi. Na uku, wanda ko jifan kare bai iya ba, shi ma uku a baƙi. Kowanne ya tashi sai ya zo ya yi wa Sau-Ɗaya godiya. Shi kuwa yana tsaye, gumi na bin kumburi, yana lissafin da ya ƙi fita. Daga ƙarshe ya samu amsa: in karkatattu sun yi haka, ina ga wadda ya gyara da hannunsa?

Ya karɓi mai jan ƙyalle, ya juya ga rumfa. "Ranka ya daɗe, abin da ka gani wasan yara ne. A sa ido a tsakiyar baƙi. Rami ɗaya za a gani, amma harsashi uku ne a ciki."

Ya kwanta, ya ƙanƙame ta, ya ɗora tsinke a kan baƙi.

Tau. Tau. Tau.

Mai duba allo ya je. Ya duba gaba, ya duba baya, ya shafa da hannu. Ya juyo ya buɗe tafukansa. Mai Sito ya leƙa gangarsa, lafiya lau. Aka dubi bishiya, ba abin da ya faɗo. Sai wata mata daga bayan waya ta ce, "La ilaha! Ku dubi hoton!"

Babban Darakta yana nan a jikin ƙyalle yana murmushinsa. Sai dai inda hanci yake, yanzu taga ce, ana hango jar ƙasar tudu ta ciki.

Ba wanda ya yi tari, har lasifikar. Darakta na gaske ya kai hannu ya taɓa nasa hancin. Shugaba ya ga aikinsa yana tashi sama kamar hayaƙi, sai ya yi wuf ya durƙusa gefen kujera.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Wannan bawan Allah shi ya yi saitin duka. Harsashin gwaji ne ya ƙare. Sai ya gyara na 'yan uwansa, ya bar tasa a karkace. Na ce ya fara da tasa, ya ce a'a, su ne yara."

Fuskar Darakta ta sauya. Ya hango jawabi, shi kuwa ba ya barin jawabi ya wuce. Ya miƙe, ya karɓi abin magana, ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin babur.

"Jama'a, kun ga shugabanci? Maharba muna da su, ga uku nan. Amma mutumin da zai gyara wa abokan takararsa ya bar kansa, shi ake nema a ba wa jama'a. Hanci na hoto ne, a buga wani. Matso nan, bawan Allah."

Sau-Ɗaya ya matso kamar mai tafiya cikin mafarki. Makullin yana lilo a gaban idonsa mai gani. Maman Biyu ta dafe ƙirji. Maƙwabta suka fara gyara murya don guɗa.

"Ba kowa Allah ya ba harbi ba," Darakta ya ci gaba. "Wannan dai, kowa ya gani, harbi bai iya ba. Amma..."

Lasifikar ta ɗauki maganar ta kai wa tudu, tudu ya dawo da ita. Bai iya ba. Wani yaro ya maimaita. Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Hannun Sau-Ɗaya, wanda ya riga ya miƙa don karɓar makulli, ya wuce makullin ya cafke abin magana.

"Wa bai iya ba? Ni? Ranka ya daɗe, a gyara zance! Tawa ita ce mai saiti! Kwana biyu ina fama da ita! Waɗancan ukun ɓata su na yi! Da hannuna na tura tsinkensu hagu don su zubar, Allah ne kawai ya rufa musu asiri!"

Tudu ya dawo da wannan ma, kalma bayan kalma.

"Yaya!" in ji Dogo.

Shugaba ya zauna a ƙasa, kujera tana bayansa bai gan ta ba. Darakta ya janye makullin a hankali, ya miƙa wa Dogo ba tare da ya dube shi ba. Idonsa yana kan Sau-Ɗaya. Ya karɓi abin maganar, ya kashe, don abin da ya rage ba na jawabi ba ne.

"To, madalla. Bari in fahimta. Ka ce bindigarka saitinta daidai ne."

"Daidai, ranka ya daɗe."

"Kuma ka iya harbi."

"Duk garin nan..."

"Ke nan inda ka auna, nan ka samu."

"Ko shakka babu."

"Ashe hancina ka auna."

'Yan rakiyar nan biyu suka matso, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Sai a lokacin Sau-Ɗaya ya ga ramin da ya haƙa, ya kuma ga shi ne a ciki.

"Abu biyu ne," in ji Darakta. "Ko dai ba ka iya ba, mu yi dariya kowa ya tafi gida. Ko kuwa ka iya, ka bi waɗannan ka yi musu bayanin abin da fuskata ta yi maka. Zaɓi."

Maman Biyu ta kutsa ta cikin mata har bakin waya. "Baban Biyu! Ka ce ba ka iya ba! Don girman Allah ka faɗa, mu tafi gida!"

"Faɗi mana, Yaya," in ji Dogo. "Ba ciwo."

"Faɗi, ɗan nan," in ji Mai Sito. "Ni na yafe gangar."

Sau-Ɗaya ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ya dubi masu kaki, ya dubi taron da ya shekara yana ba su labarin ɓauna. Maganar ta taso har maƙogwaro, ta tsaya nan kamar ƙashin kifi. Ya juya zai haɗiye ta, sai idonsa ya sauka kan hoton. Ramuka uku ne, amma sun haɗe har kwabo ɗaya zai rufe su. Wani abu ya motsa a cikin kumburin fuskarsa, wanda da lafiya yake da an kira shi murmushi.

Ya miƙa wa masu kakin hannuwansa da kansa, ya gyara tsayuwa.

"Mu je," in ji shi. "Amma ranka ya daɗe, tsakaninka da Allah, kafin a sauke ƙyallen nan, ka je ka duba yadda suka haɗu wuri ɗaya."